Sayar da Mota Mai Sauran Sabunta Don Sayen Wata: Yadda Za Ka Rage Ciko

Ba a rabuwa da motar da ba ta shekara a hannu ba sai da dalili. Ko dai cikinta na dukan ƙasa a hanyar garinku, ko shan manta ya fi ƙarfin aljihu, ko iyali sun ƙaru, ko kuwa harka ta koma ta ɗaukar buhuna zuwa Dawanau, ƙaramar mota ba za ta iya ba. Ko ma mene ne dalilin, ka sa abu ɗaya a ranka tun kafin ka kira dillali: ba kuɗin da aka sayi motarka ne ma'aunin asara ba. Ma'aunin shi ne ciko, wato abin da zai fita daga aljihunka kafin makullin ɗaya motar ya shigo hannunka da takardunta cikakku.

Mutane da yawa sun ruɗu a nan tun 2023. A watan Yunin shekarar aka sakar wa naira mara, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati, ta haura 1,500 a farkon 2024. Motocin da ake shigowa da su kuwa da dala ake sayo su, da lissafin dala kuma kwastan ke yanka musu haraji. Sai ka ga mutum ya sayar da mota sama da yadda ya saye ta, yana murna ya ci riba, ya je sayen wata ya tarar ko irin tasa da ya sallama kuɗin ba za su sayo ba.

Shin canjin ma ya zama dole?

Faɗuwar daraja mafi girma tana samun mota ne ranar da aka ɗaura mata lamba. Jiya tana layin 'yan Beljiyom ko sababbi dal, yau ta koma ta hannu, ko da kilomita ɗari kacal ta yi. Kuɗin rajista, inshora, rigar kujeru, baƙin gilas, sabuwar rediyo, duk babu mai saye da zai mayar maka da su. Wannan asarar ta riga ta auku, kuma ƙarin wata uku ko huɗu a hannunka ba zai daɗa mata wani abin kirki ba muddin kana kula da motar. Saboda haka babu dalilin gaggawa, kuma gaggawa ita ce dillali ke fara shinshinawa a jikin mai kaya.

In shan mai ne ya dame ka, ɗauki biro. A ce motarka na shan lita 12 a kilomita 100, wadda kake so tana shan lita 8, kuma kana cin kilomita 1,500 a wata. Rarar lita 60 ke nan. A kan naira 1,000 kowace lita, dubu 60 a wata, dubu 720 a shekara. Idan canjin zai ci maka miliyan 2, sai ka kusa shekara uku kafin kuɗinka ya dawo. Ga direban haya da ke zirga-zirgar Kano zuwa Haɗeja kullum, lissafin zai fito da wuri. Ga malamin makaranta da motarsa ba ta wuce sakatariyar ƙaramar hukuma da ɗaurin aure, da ƙyar. Kuma kafin ka ɗora wa mota laifin shan mai, a duba fulogi, matatar iska da na'urar da ke auna hayaƙi a salansa. Ƙurar hunturu kaɗai tana toshe matatar iska, gyaran kuma bai taka kara ya karya ba.

Fara da motar da za ka saya

Yawancin mutane sayarwa suke fara yi, sannan su shiga nema. A juya abin. Ka fara gano motar da kake so, ka ga aƙalla uku irinta a wurare daban-daban, ka taya, ka ji inda kowa ya tsaya. Sai ka san ainihin kuɗin da kake nema, daga nan ka yanke ƙaramin farashin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba a taka motar.

Tazarar da ke tsakanin sayarwa da saye ita ce ramin da kuɗi ke zurarewa. Farashi na iya motsawa: ƙarin kashi 5 cikin ɗari a kan motar miliyan 17 ya kai dubu 850. Wanda ya fi wannan ma shi ne gida. A ƙauye ba a ɓoye cinikin mota. Kafin la'asar kowa ya ji Alhaji ya sayar, gobe da safe mai neman rancen taki, mai bikin 'ya da mai maras lafiya a asibiti duk suna zaure, kuma ba kowa ake iya cewa a'a ba. Ka tsara yadda ciniki biyun za su faɗo cikin mako ɗaya. In ka samu mai saye tabbatacce, kana iya ba da kafin alƙalami a kan wadda za ka saya, amma a rubuta kwana nawa za a jira ka, da abin da zai faru da kuɗin in cinikin bai yiwu ba.

Musaya da ciko ko sayarwa kai tsaye

Dilan mota zai ce maka, "Alhaji, kawo taka ka ɗauki wannan, ka cika kaza, ka huta da wahala." Hutun gaskiya ne, amma kuɗi ake biyansa. Shi dila sai ya karɓi taka a farashin da zai sake sayarwa ya ci riba, bayan ya cire gyara da watannin da za ta yi a filinsa. Sannan tunda ba tsabar kuɗi ka zo da su ba, ba zai rage maka sosai a tasa ba. Ta fuska biyu ake yankarka.

Ga misali da alƙaluman da muka ƙaddara don lissafi kawai. Ka sayi Corolla miliyan 12 wata takwas da suka wuce, kana son babbar mota da aka sa wa miliyan 18. A musaya, dila ya yi wa taka kuɗi miliyan 9 da rabi, ciko miliyan 8 da rabi. In ka sayar da kanka miliyan 11, ka cire dubu 250 na la'ada da dubu 150 na ƙananan gyare-gyare, saura miliyan 10 da dubu 600. Ka je da kuɗi a hannu, aka sallama maka babbar a miliyan 17 da dubu 300. Ciko ya zama miliyan 6 da dubu 700. Bambancin miliyan 1 da dubu 800 ne, ladan haƙurin mako uku ko huɗu.

Akwai inda musaya ta fi. Idan motarka irin wadda ba ta da kasuwa ce a yankinmu, mai silinda shida ko takwas, ko wadda kayan gyaranta sai an yi waya Legas don ba a samu a Ƙofar Ruwa, za ta iya wata biyar ba wanda ya taya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, manyan injina suka rasa masoya. Irin wannan in dila ya yarda ya karɓa, a saurare shi. Sai dai a yi cinikin a rarrabe: ka fara taya tasa kamar mai biyan kuɗi lakadan, sai an tsaya a farashi sannan ka fito da maganar taka. Ka kuma kai ta wa dila biyu ko uku. Kada ka kula da yadda aka kumbura kuɗin taka, domin ana iya ƙara maka dubu 500 a nan a ɗora ta a can. Tambayarka ɗaya ce: nawa zan cika?

Abin da za a gyara da abin da za a bari

A nan ake ɓarnar kuɗi da sunan gyara. Ƙa'idar ita ce, duk gyaran da mai saye zai gani ko ya ji a minti goman farko, a yi shi. Wanda ya wuce haka, a faɗa masa a rage kuɗi.

Wanki na sosai, ciki da waje, har ƙarƙashin kujeru da but. Jar ƙasar hanyar burji tana maƙalewa a bakin ƙofofi da ramukan esi, ita ce ke sa motar wata takwas ta yi kama da ta shekara biyar. A bi da injin hura iska da buroshi. Amma kada a yi wa inji wankan ruwa mai ƙarfi: ruwa na shiga soket-soket da koyil, mota ta fara rawa, kuma gogaggen mai saye in ya ga inji yana ƙyalli zarginsa ɗaya ne, ana ɓoye yoyon mai. Goge shi da tsumma ya isa.

Ƙafa ita ce hanyoyinmu suka fi ci. Bushin, tayarod, boljoyin da shokozoba su ne ke ƙara a kan gargada. Ƙaramin bushin na iya sa mota ta riƙa ƙwanƙwasa kamar za ta tarwatse, mai saye ya zabge dubu 300 a kan abin da bai kai dubu 30 ba. A kai wa bakanike ya ɗaga ta ya jijjiga kowace taya, a canja abin da ya mutu, a yi alaimen. A yi juye, a sa sabuwar matatar mai da ta iska. In esi ya rage sanyi, a nemo inda gas ke zurara, kada a yi ƙari kawai, domin wanda ya saya a watan Afrilu zai dawo maka cikin mako. Fitilar gargaɗin inji in tana kunne, a sa kwamfuta a gano dalili a gyara. Masu cire ƙwan fitilar ko goge laifin da kwamfuta suna yaudarar kansu, don masu saye yanzu da mai na'urarsu suke zuwa, kuma na'urar tana nuna cewa ba a daɗe da gogewa ba.

Fenti kuwa, a bar shi. Motar da ke da fentinta na asali, ko da ƙurji biyu ko uku a bamba, ta fi wadda aka yi wa sabon feshi daraja. Da zarar mai saye ya ga alamar feshi a robar gilas ko bambancin launi tsakanin ƙofa da ƙofa, abin da zai zo masa shi ne hatsari, kuma ba rantsuwar da za ta cire masa. Ƙurji marar zurfi folish na ɗauke shi. Loɓawa ƙarama, akwai masu fitar da ita ba tare da taɓa fenti ba. Haka indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi a cikinta: in wani bakanike ya ce a cire don mota ta ƙara gudu, kada ka yarda. Abu ne mai tsada, ana dubawa, kuma rashinsa na karya farashi.

Tayoyi ba sai an sa sababbi huɗu ba, sai in sun cinye. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Masu saye na karantawa, don haka ka riga su sani. Makulli na biyu, safayar taya, jak, abin kwance taya, littafin mota, gwangwanin kashe gobara, a haɗa su wuri ɗaya. Ɓatan makulli na biyu a motocin zamani ba ƙaramar magana ba ce, yanka wani da saita shi da kwamfutar mota kuɗi ne masu kauri.

Kada a taɓa mitar tafiya. Ka dai san abin da take nunawa: motocin Amurka da mil suke ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, don haka 60,000 a fuskar mita kusan kilomita 96,000 ke nan.

Takardu su ne rabin kuɗin

Mota mai kyau da takardu masu rauni, rabin kuɗi ake taya ta. Ta farko ita ce takardar kwastan. A ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka duk motar da tarihinta ya bi ta Nijar ko Kwatano ana yi mata kallon tsanaki, musamman a garuruwan da ke kusa da iyaka irin su Maigatari da Ɓaɓura. Ka tabbata lambar shasi da ke takardar ita ce a jikin motar, harafi da harafi, guda 17. Kuskuren harafi ɗaya ya isa a tsare mai saye a hanya, shi kuma ya dawo kanka. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, harafi na goma yana nuna shekarar mota: A ita ce 2010, F 2015, J 2018, L 2020. Kada ka ce 2016 ce alhali shasi na cewa 2014, don ko an canja mata fitilu da fuska lambar ba ta canjawa.

Sai shaidar mallaka, lasin mota, takardar lafiyar mota ta 'yan VIO, inshora, da izinin baƙin gilas in akwai shi. Wanda ya ƙare a sabunta, kuɗinsa kaɗan ne a kan abin da za a rage maka. Inshorar dole ta ƙananan motocin gida ta koma naira 15,000 a Janairun 2023. In kuwa babbar inshora ka yi mai ɗaukar komai, je ka kamfanin kafin ka sayar, ka nemi a mayar da ragowar watannin kan sabuwar motar ko a dawo maka da wani abu. Mutane da dama na barin wannan kuɗin a banza.

Rasiɗan juye da na gyara, ko da na hannu ne daga gareji, suna ƙara wa maganarka nauyi. Idan sabuwa ce ka saya daga kamfani kuma garanti bai ƙare ba, ka tambaye su ko yana bin mota zuwa hannun sabon mai ita, ka kuma tabbata littafin sabis na da hatiminsu. Wadda aka saya ta banki ko ta ƙungiyar adashen ma'aikata kuwa, ba taka ba ce gaba ɗaya sai ka gama biya. Ka karɓo a rubuce nawa ya rage, a biya su daga kuɗin cinikin, a karɓo takardun asali da shaidar an sallame ka, sannan a miƙa mota.

Lokaci, wuri da dillali

A karkarar Kano da Jigawa kuɗi na bin kaka. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu an sayar da riɗi, zoɓo, shinkafa da gyaɗa, masu son mota suna da abin taya ta. Gab da damina kowa taki da kuɗin noma yake nema, masu sayarwa sun fi masu saye yawa. Makonnin da ke gaban Sallah ma kasuwa na motsi. Matsalar ita ce lokacin da taka ke tsada, wadda za ka saya ma tana tsada. Amfanin kaka shi ne saurin samun mai saye, ba lallai raguwar ciko ba.

Irin motar ke nuna inda za a kai ta. Golf, Sharon, Hijet da Hilux suna da masu so a tashoshi da manyan kasuwanni irin Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis. Corolla, Camry ko Accord mai tsafta kuwa, kasuwarta na birnin Kano da Dutse, wurin ma'aikata da 'yan kasuwa. Ka ɗauki hotuna da safe ko bayan la'asar, gaba, baya, gefe biyu, ciki, inji da mita, ka rufe lambar, ka sa a WhatsApp da Facebook. Sau da yawa mai sayen yana cikin waɗanda suka san motar tun ranar da ta zo.

Dillali yana da amfani, amma ɗaya ko biyu, ba goma ba. Motar da hotonta ke hannun dillalai goma da farashi goma, masu saye na ɗauka tana da matsala. Ku yanke la'ada tun farko a gaban shaida, ko adadi tsayayye ko kaso, kuma a san wa zai biya. Abin da ya fi la'ada cin mai mota shi ne ɗori: ka ce miliyan 11, dillali ya faɗa wa mai saye 12, na biyu ya ƙara nasa, mota ta yi wata biyu ba ta tafi ba, ko ta tafi rarar ta shige aljihun wasu. Maganinsa shi ne ka zauna da mai saye ido da ido kafin a sallama. Kada kuma ka bar mota ta kwana wurin dillali da takardun asali. Hoton takardu ya ishe shi. Motar da aka bari a hannu ana zuwa unguwa da ita, wani lokacin a musanya batir ko taya.

In an zo taya, kada ka buɗe da labarin matsuwarka. "Nawa ka saye ta, Alhaji?" tambaya ce ta neman inda za a kama ka. Amsarta: "Malam, ga mota ga takardu, taya abin da ka gani." Ka sa farashi da ɗan sarari a sama, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, don mai saye ya samu abin ragewa. In tayi bai kai ba, albarka, ka karɓi lambarsa. Aibin da ka sani kuwa ka faɗe shi, a rubuta a takarda. Ban da kasancewarsa haƙƙi, a shari'a mai saye na da damar dawo da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa, kuma babu asarar da ta kai a dawo maka da mota bayan ka kashe kuɗinta a kan wata.

Ranar biya

Gwajin mota a yi shi kana ciki, da wani naka, da rana, a hanyar da ka sani. Bakaniken mai saye ya duba a gabanka, ba a tafi da ita wani gari ba.

Saƙon shigar kuɗi a waya ba shaida ba ne, ana ƙirƙirarsa. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna, ko ku je reshen banki tare a ranar aiki. A ƙauyen da sabis ke yankewa, gara a ƙarasa cinikin a hedikwatar ƙaramar hukuma. Da yake bankuna na da iyakar abin da ake turawa a rana, mai saye ya shirya wannan tun kafin ranar, kada a zo ana cewa ga rabi, sauran gobe. Makulli da takardu ba sa barin hannunka sai kuɗi sun cika. Bashin "sai an sayar da amfanin gona" shi ne ya fi kowane abu lalata wannan lissafin, don kai dila ba zai jira kakarka ba. In dole ta sa saboda zumunci, a rubuta adadi da rana, takardun asali su zauna wurinka.

Takardar ciniki ta ƙunshi sunaye da adireshin ku biyu, irin mota da launinta, lambar shasi, lambar inji, lambar rajista, abin da mita ke nunawa, kuɗin da aka biya, kwanan wata har da ƙarfe nawa aka miƙa ta. Shaidu biyu kowane ɓangare, in da hali da mai unguwa ko dagaci, kowa ya riƙe kwafi, kai kuma ka ajiye hoton katin shaidar mai saye. Lambar da ke jikin motar da sunanka take a rajistar hukuma, don haka duk abin da aka aikata da ita ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Ku je ofishin lasin tare a yi canjin mallaka, ko ka sa wa'adin mako biyu a cikin takardar cinikin, ka kuma bi sawu har ka ga sabuwar shaidar mallaka da sunansa. Kuɗin rajista da inshorar motar da za ka saya, da juyen farko da abin da bakanike zai tarar a ƙafarta, su ma ka sa su cikin ciko tun kafin ka ce ka sallama.